Tanki Ya Cika, Aiki Bai Ƙare Ba: Zuba Ruwa da Fitar da Iska a Kwamfuta Mai Sanyaya da Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da manoman rani a bakin fadama ya san ba a tayar da injin ban-ruwa haka siddan. Sai an kwance murfin da ke samansa, an ɗura masa ruwa har ya tumbatsa, sannan a ja igiya. In aka yi garaje aka tayar da shi cikinsa fayau, zai yi ta ruri yana shan mai, ko ɗigo ba zai tura ba, daga bisani ya lalata kansa. Haka nan makaniken da ya sauya bututun birki ba ya miƙa wa mai mota makulli sai ya sa yaro ya yi ta taka birki, shi kuma yana ƙarƙashi yana kwance noti yana ɗaurewa, har iskar da ta shiga ta fice. Wannan ne suke kira bilidin. Manomin da makaniken ba su karanci kimiyyar ruwa a aji ba, amma sun riƙe ƙa'ida guda: wurin da aka tanadar wa ruwa, in iska ta zauna a cikinsa, aiki ya tsaya.

Na kawo waɗannan misalai ne domin ƙa'idar ta biyo mu har kan teburin karatu. A 'yan shekarun nan matasanmu masu zanen gine-gine, da masu tace finafinai, da ma'abota wasannin kwamfuta, da ɗaliban da ke horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, sun fara harhaɗa manyan kwamfutocin tebur da hannunsu. Wasu ma sun zarce, sun shiga sanyaya su da ruwa maimakon fanka kaɗai. A tara kuɗin watanni, a yi odar kaya daga waje, a shafe kwanaki ana lanƙwasa bututu ana ɗaure mahaɗai. Amma da an zo matakin ƙarshe, wato zuba ruwa da fitar da iska, sai ɗoki ya rinjayi haƙuri. Ana ganin tanki ya cika sai a danna maɓalli. Abin da nake son mai karatu ya riƙe a wannan mako shi ne, cikar tanki rabin aiki ne, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu ragowar rabin ne ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi ƙarko ko ta zama asara.

Me ya kai ruwa cikin kwamfuta?

Kusan duk wutar da kwamfuta ta ja, zafi take komawa. Masarrafar Intel samfurin Core i9-14900K tana iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi, katin sarrafa hotuna na Nvidia samfurin RTX 4090 kuma wat 450. In ka haɗa su ka haye wat 700, kusan ƙarfin ƙaramin dutsen guga ke nan, kuma duk wannan zafi yana fitowa ne daga wasu 'yan ɓallaye da kowannensu bai kai faɗin akwatin ashana ba. Idan zafin masarrafar ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ka biya kuɗin doki, ka ƙare da tafiyar jaki.

Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Lita guda ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai an tara kimanin lita 3,500 ta iska kafin su ɗauka, kuma zafi yana ratsa ruwa fiye da yadda yake ratsa iska ninki sama da 20. Injiniyoyi sun daɗe da sanin haka. Tun a shekarun 1960 kamfanin IBM ke sanyaya manyan kwamfutocinsa da ruwa. A 1985 kamfanin Cray ya fito da Cray-2, wadda aka tsoma kayan cikinta baki ɗaya a wani ruwan sinadari da ba ya ɗaukar lantarki. A 2004 Apple ya sa tsarin sanyaya da ruwa a wasu kwamfutocinsa na Power Mac G5, a 2012 kuma aka ƙaddamar da SuperMUC kusa da birnin Munik na Jamus, wadda ruwa mai ɗumi ke sanyaya ta.

Tsarin da ake haɗawa a gida bai da wuyar fahimta. Akwai farantin jan ƙarfe da ake mannawa a kan masarrafa, a cikinsa an tsaga wasu siraran hanyoyi da ruwa ke bi. Akwai famfo mai tura ruwan, da lagireto irin na mota amma ƙarami, wanda fankoki ke hurawa, da ɗan tanki, da bututun da ya haɗa su duka a da'ira. Ruwan ɗan dako ne kawai: ya ɗauko zafi daga faranti, ya sauke a lagireto, ya koma ya sake ɗaukowa. Duk abin da ya tare masa hanya ya tare wa zafin mafita.

Ɓarnar da iska ke yi

Kafin a zuba ruwa, da'irar cike take da iska, kuma ruwan da aka zuba ba ya korar ta duka. Takan maƙale a wurare masu tudu, kamar saman lagireto, da lungunan faranti, da kowace kwana ta bututu. Bayan wannan akwai iskar da ke narke a cikin ruwan kansa. Duk mai girki ta san cewa tun kafin tukunya ta tafasa ƙananan kumfa ke fara taruwa a gindinta. Iskar da ruwa ya riƙe yana sanyi ce yake saki idan ya fara ɗumi. Haka ke faruwa a kwamfuta cikin kwanakin farko.

Ɓarnar tana zuwa ta fuska uku. Idan iska ta zauna a cikin faranti, ta shiga tsakanin ƙarfe da ruwa, sai wani sashe na masarrafar ya yi ta ɗaukar zafi alhali ga ruwa na wucewa ta gefensa. Idan ta taru a lagireto, sai wasu layukansa su bushe, ka sayi babba yana yi maka aikin ƙarami. Ta uku ce mafi muni, wato idan ta shiga famfo. Fitattun famfunan da ake amfani da su, D5 da DDC, ba sa iya zuƙo ruwa daga nesa, sai dai su tura wanda ya gangaro musu. Sannan abin da ke juyawa a cikinsu yana zaune ne a kan wata 'yar ƙwallo ta tangaran, kuma ruwan da ke wucewa shi ne man shafawarta, shi ne mai sanyaya ta. In ruwa ya yanke, ƙwallon da mazauninta za su shiga cin juna. Famfon da aka bari ya yi gudu a bushe ba lalle ya mutu a ranar ba. Yakan fara da ƙara, ya yi ta rauni, sai wata rana ya tsaya cak ana tsakiyar aiki.

A nan ne yanayinmu ya shigo. Lagireto ba zai taɓa sanyaya ruwa ƙasa da zafin iskar ɗakin da yake ciki ba. A tsarin da aka haɗa da kyau, ruwan yakan ɗara zafin ɗaki da kimanin digiri 10 idan ana aiki mai nauyi. Wanda ke zaune a ɗaki mai digiri 22 a Turai, ruwansa zai tsaya wajen 32. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Kano a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke kai 40 ko ya wuce, in ɗakinsa na 38 ne, ruwansa na dosar 48. Su kuwa waɗannan famfuna iyakar zafin ruwan da aka ƙayyade musu digiri 60 ne, kuma wani nau'in bututun roba mai tauri yakan fara laushi a bakin mahaɗi idan ruwa ya yi zafi da yawa. Ashe ke nan tazarar da ke tsakaninmu da haɗari ba ta kai rabin tasu ba. Iskar da Bature zai bari a lagiretonsa bai ga komai ba, mu ita ce ɗan hakin da aka raina.

Kafin ɗigo ya shiga

Farko dai a san irin ruwan da za a zuba. Ruwan famfo, da na burtsatse, da na leda, duk suna ɗauke da ma'adinai. Farin dasashin da ke taruwa a cikin butar shayi shi ne zai taru a siraran hanyoyin faranti ya toshe su. Abin da ake buƙata shi ne tataccen ruwa, wanda aka tafasa aka tattara tururinsa, a ƙara masa maganin gansakuka da na tsatsa, ko kuma a sayi ruwan da aka haɗa musamman don wannan aiki. A yi hattara da sunan "ruwan batir", domin a kasuwa da shi ake kiran tataccen ruwa, da shi kuma ake kiran asid. Mafi yawan tsare-tsare ba sa cin abin da ya wuce lita ɗaya da rabi, saboda haka ba wurin neman araha ba ne.

Na biyu, kada a gwama jan ƙarfe da alminiyom a da'ira guda. In ruwa ɗaya yana ratsa su, alminiyom ɗin zai riƙa zaizayewa sannu a hankali har ya huje. Sabon lagireto kuma a ɗauraye cikinsa da tataccen ruwa, a girgiza a zubar, har sai ruwan ya fito garau, domin yakan zo da ragowar dattin walda.

Na uku, a tabbata tanki yana sama da famfo, ko yana haɗe da shi kai-tsaye, yadda ruwa zai gangaro masa da nauyinsa. A bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, a duba cewa kowane na da zoben robarsa, kuma an ɗaure shi da ƙarfin hannu, ba da filaya ba. Ɗauri fiye da kima yana murƙushe zoben ko ya tsaga murfin faranti. Wanda ya samu ɗan famfon gwaji na hannu, ya hura wa da'irar iska kimanin rabin ba, ya jira minti 15. In allurar ma'aunin ta sauka, akwai kafa, kuma gara a gano ta da iska da a gano ta da ruwa a kan katin miliyoyin naira.

Na huɗu shi ne wanda bai kamata a yi wasa da shi ba: yayin zubawa, kada wuta ta kai ga komai sai famfo. A zare duk wayoyin da suka taso daga akwatin rarraba wuta zuwa babban allo, da masarrafa, da katin hotuna, da ma'adanan bayanai. Akwatin ba ya tashi shi kaɗai, sai an haɗa koriyar waya da baƙa a jikin babban fulogi mai rami 24. Tun da akwatunan yanzu wayoyinsu kan zo baƙaƙe duka, ya fi aminci a sayi ɗan murfin da aka ƙera don wannan haɗi maimakon a yi ta lalube da guntun waya. Hikimar ita ce, ruwan da ya ɗiga a kan allon da babu wuta ana iya shanya shi a ci gaba da aiki. Wanda ya ɗiga a kan allo mai wuta kuwa, sai dai a yi jaje. A ƙarshe a shimfiɗa farar takardar tishu a ƙarƙashin kowane mahaɗi.

Zubawa

A buɗe murfin tanki, a zuba ruwa da mazurari ko gora mai dogon baki har ya kusa cika. A kunna makunnin da ke bayan akwatin wuta, ido na kan tanki, yatsa na kan makunni. Famfo zai janye ruwan cikin daƙiƙa biyu ko uku. Kafin ruwan ya kai ƙasan tanki a kashe. A sake cikawa, a sake kunnawa, a sake kashewa. Haka za a yi ta yi har a ga ruwa ya kewaye da'irar ya dawo tanki, matsayinsa kuma ya daina faɗuwa da sauri. Doka ɗaya ce a wannan mataki: kada tanki ya ƙafe famfo na juyawa, ko da na ƙiftawar ido ne. In aka ga tishu ya jiƙe, a tsaya nan take, a rage ruwan, a gyara mahaɗin, a koma farko.

Idan ruwa ya fara kewayawa, tanki ya cika, fitilu na haska bututu, a nan ne mafi yawa ke cewa an gama. Alhali yanzu aka fara.

Fitar da iska

A bar famfo yana aiki, a saurara. Ƙarar ɓulɓul a lagireto, ko wani sauti kamar ana tauna tsakuwa a cikin famfo, shaida ce cewa iska na yawo. A rufe murfin tanki da kyau, a kama akwatin kwamfutar da hannu biyu, a karkata shi gaba, a dawo, a karkata baya, sannan hagu da dama, a hankali, ana ɗan dakatawa a kowane ɓangare. Manufar ita ce iskar da ta fake a wani tudu ta samu kanta a hanyar ruwa, ya kwashe ta zuwa tanki, inda za ta taso sama ta rabu da shi. Yayin karkatawa a lura kada bakin da famfo ke sha ya fito daga cikin ruwa. Ana iya ɗan ƙwanƙwasa lagireto da yatsa, ko a matsa bututu in mai laushi ne.

Kashewa da kunnawa ma magani ne. Idan famfo ya tsaya na minti ɗaya, ƙananan kumfa kan haɗu su zama babba, wanda ruwa ya fi saurin turawa da zarar an sake kunnawa. In famfon ana iya sauya masa gudu, a ƙure shi don ya tumɓuke iskar da ta kafe, sannan a sassauta don kumfan da suka iso tanki su samu sukunin tasowa. Gudu mai yawa yakan haddasa guguwa a cikin ƙaramin tanki, ta mayar da iskar cikin famfo, a yi ta zagaye wuri guda. Duk lokacin da iska ta fito matsayin ruwa zai sauka, sai a buɗe murfi a ƙara.

Daga nan a bar famfo shi kaɗai ya yi ta aiki awa 12 zuwa 24, ana leƙa tishu lokaci-lokaci. Wani yoyon ba ya bayyana sai bayan sa'o'i. Na san mai karatu zai ce ina za a samu wutar awa 24 a jere? Famfon ba ya cin abin da ya kai wat 40, ƙaramar inbata ma ta ishe shi. In kuma wuta ta ɗauke babu laifi, a ci gaba da lissafi idan ta dawo. Sai an ƙetare wannan gwaji tishu na bushe za a mayar da wayoyi a tayar da kwamfuta. A makon farko ruwa zai ci gaba da raguwa kaɗan-kaɗan saboda narkakkiyar iskar nan da ke fita, kuma ƙananan kumfan da ke manne a bangon tanki za su ɓace da kansu. Kada a cika tanki maƙil, a bar ɗan sarari kamar faɗin yatsa a sama, domin ruwa yana kumbura idan ya yi zafi.

Masu amfani da rufaffen tsari, wanda ke zuwa a cike daga masana'anta, su ma ba su tsira ba. Akwai 'yar iska a cikinsa tun asali, tana kuma ƙaruwa da shekaru yayin da ruwa ke tsanewa ta jikin roba. Tun da ba a buɗe shi, dabarar ita ce a girka shi yadda wani sashe na lagireto zai fi famfo tudu, iskar ta taru can.

Shin dole ne?

Ga mafi yawan masu kwamfuta, a ganina, ba dole ba ne. Babbar fankar masarrafa mai inganci ta wadatar da ɗalibi da ma'aikacin ofis, har da mafi yawan masu zane. Ba ta yoyo, ba ta neman a sauya mata ruwa, in ta mutu kuma kana gani da idonka. Tsarin ruwa kuwa kamar kiwo ne, kullum yana son a waiwaye shi. Ana sauya ruwansa duk wata 6 zuwa shekara, kuma duk sauyi sai an maimaita zubawa da fitar da iska daga farko. Ƙurar hunturu kuma takan liƙe haƙoran lagireto, sai an riƙa hure ta akai-akai. Wanda ya san ba zai jure wannan hidima ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wanda kuma aikinsa ke sa na'ura ta kwana tana tace bidiyo ko tana lissafi, ribar tana nan: sanyi, da rashin hayaniya, da gudun da ba ya raguwa. Sai dai ya ware kwana guda cur don wannan mataki, ya sa shi cikin lissafin kuɗi da lokaci tun ranar da ya fara odar kaya.

Akwai kuma kira ga jami'o'inmu da kwalejojin fasaha. A 2024 Nvidia ya fito da wata ma'ajiyar kwamfutoci mai suna GB200 NVL72, wadda ita kaɗai ke jan kimanin kilowat 120, kuma da ruwa ake sanyaya ta, domin fanka ba za ta iya ba. Can manyan cibiyoyin bayanai na duniya suka dosa. Waɗanda za su kula da irin waɗannan na'urori sai sun san famfo da bawul da matsin ruwa kamar yadda suka san manhaja. A tsarin karatunmu kuwa ɗalibin kimiyyar kwamfuta yana wani gini, na injiniyan kanikanci yana wani, da wuya su haɗu a kan tebur guda. Tsohuwar kwamfuta, da lagireto, da ɗan famfo, da 'yan mitocin bututu sun isa a kafa darasin gwaji da zai haɗa su, inda ɗalibi zai ga da idonsa yadda ma'aunin zafi ke sauka bayan an kori iska daga faranti. Kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ya koyi haƙurin nan a kan tsohuwar na'ura ba zai ƙona sabuwa ba.